Talatar da Aka Nemi Egya Bentsil

Ranar Talata ba a shiga teku a garin, saboda haka jirage na jere a kan yashi, maza na zaune a gindin kwakwa suna musun ƙwallo. Da hantsi Kuukua ta bar mahaifinta, Egya Bentsil, a kujerarsa ta ƙofar ɗaki da kofin koko a hannu, ta ɗauki baho ta tafi famfo. Layi ya yi tsawo. Ko da ta dawo, kofin na ƙasa, ko rabi ba a sha ba, kujera kuma ba kowa.

Ta leƙa ɗaki, ta leƙa banɗaki, ta zaga bayan murhun da take bandar kifi. Sai da ta ɗaga kai ta ga ƙusoshi biyu a bango ba komai a kansu, sannan gabanta ya faɗi. Filafilinsa na tuƙin jirgi ne ke rataye a wurin, wanda ya shekara goma sha ɗaya ba wanda ya taɓa shi.

Egya Bentsil ya yi shekara arba'in yana tuƙa jirgi mafi girma a gaɓar nan, rabin masuntan garin a hannunsa suka koyi teku. Tun bara kansa ya fara rikicewa. Yakan kira Kuukua da sunan mahaifiyarta, Efuwa, wadda ta shekara shida da rasuwa. Yakan tambayi abinci alhali kwano na gabansa. Kuukua ta rufe maganar ruf, ko ƙanenta da ke aiki a Takoradi ba ta gaya masa ba. In an tambayi tsohon sai ta ce ƙafa ce ta hana shi fita. Ba ta son mutumin da ake miƙewa in ya wuce ya koma abin nuni da baki.

Katangar kwano ce kawai tsakaninta da maƙwabciyarta Araba, kuma sati uku ke nan ba sa ga maciji. Araba ta ce hayaƙin banda na ɓata mata shanya, Kuukua ta ce mai gudun hayaƙi ya tattara ya koma Accra. Yanzu kuwa ba ta tsaya wani tunani ba, ta tura ƙyauren ta shiga.

Araba na tsugune tana naɗe dokunu, tuwon masara, a ganye. "Au, ashe kina da baki?"

"Paapa ne. Ba ya gida. Ya ɗauki filafili."

Araba ta saki ganyen ta miƙe tana goge hannu a zani. "To, ya tafi neman Maame Efuwa ke nan."

"Me kika ce?"

"Ke a ganinki mu makafi ne? Ranar da kika kai kifi Mankessim, wa kike zaton ya dawo da shi daga tasha? Yana can tsaye yana jiran motar da za ta kawo Maame Efuwa. Mai shayi ya zaunar da shi, mijina ya riƙo hannunsa har gida. Sau uku ke nan. Mun ga ba kya son a sani, shi ya sa muka yi kamar ba mu sani ba. Wuce mu je, ki yi kukan daga baya."

Muryar Araba kuwa ba ta buƙatar lasifika. Kafin su isa bakin teku musun ƙwallo ya watse. Mijinta, Kow Ansa, ya raba mutane, waɗansu tasha, waɗansu coci, waɗansu maƙabarta. Aka ƙirga jirage, duk suna nan, dama mutum ɗaya ba ya iya tura ko da ƙaraminsu. Kuukua ta tsaya tana kallon igiyar ruwa na tasowa tana dukan yashi, ta kasa ɗauke ido. Ba sai da jirgi mutum ke shiga teku ba, abin da ke yawo a ranta ke nan.

Ana cikin haka sai ga Maame Sekyiwa, mai kamun kaguwa a tafkin da ke bayan gari, ta taho tana zage-zage. Wani ɗan banza ya kwance mata kwale-kwale, in ta kama shi sai ya gane kurensa.

Kow Ansa ya dubi Kuukua. Ƙauyen su Maame Efuwa a ƙetaren tafkin yake, kowa kuma ya san labarin yadda Egya Bentsil ke tuƙa kwale-kwale zuwa zance tun yana saurayi. Sai dai ba wanda ya saki ransa. Ruwan saman watan jiya ya fasa bakin tafkin ya haɗe shi da teku. In ruwa ya fara janyewa, da ƙarfi yake fita, ko ƙato majiyi ƙarfi sai ya yi da gaske, balle tsoho ɗan shekara tamanin. Ga shi kuma ya fara janyewa.

Wani ya ce, "Yau fa Talata. A sa inji a ruwa?"

Sarkin masunta, Nana Otu, wanda ya iso yana haki da mayafinsa a kafaɗa, ya ce, "Kamun kifi aka hana. Wa ya hana kamun tsoho? Ku ɗauko jirgi."

Maza goma suka kinkimi ƙaramin jirgi suka tsallaka da shi tudun yashi zuwa tafkin. Kuukua ta shiga. Araba ma ta tattare zani ta shiga, ita da ta shekara ashirin da biyu tana auren masunci ba ta taɓa taka jirgi ba.

"Ke kuma ina za ki?" in ji mijinta.

"Tuƙa kawai, kada ka girgiza ni."

Tun kafin inji ya kama sosai ta ƙanƙame hannun Kuukua ta rufe ido, tana kiran sunan Yesu da na kakanninta a haɗe.

Suka fara duba bakin tafkin, inda ruwa ke gudu yana kumfa. Ba kwale-kwale, ba hula, ba filafili. Kow Ansa ya ce wannan labari ne mai daɗi. Suka juya suka bi gefen da itatuwa ke tsirowa a cikin ruwa, suna kiran sunansa, tsuntsaye na tashi. Sun yi kusan rabin awa a haka. Kuukua ta yi ta kira har muryarta ta dishe. Sai wata murya ta fito daga cikin itatuwan.

"Kai! Wane mahaukaci ne ke gudu da inji a nan? Akwai dutse a hagunku!"

Kow Ansa ya karkatar da jirgin ba shiri, dutsen ya wuce ta gefensu, baƙi, ruwa ya ɗan rufe kansa. Can ƙarƙashin inuwa, a tsohuwar mashigar ƙauyen da aka daɗe da daina amfani da ita, ga kwale-kwalen Maame Sekyiwa an ɗaure shi tsaf a jikin saiwa. Egya Bentsil na zaune a ciki, filafili a kan cinya, ko gefen zaninsa bai jiƙe ba.

Kuukua ba ta san lokacin da ta dira cikin ruwa ba. Ya kai mata ƙugu, laka na riƙe ƙafarta, ta kutsa har ta kama gefen kwale-kwalen da hannu biyu. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai kuka ya riga faɗan fitowa.

Tsohon ya dube ta da kyau. "Kuukua. Me ya kawo ki cikin laka?"

Rabon da ya kira ta da sunanta tun kafin bikin Ista.

"Paapa, gari duk ya tashi nemanka."

"Nemana? Ruwa ne ya juya, na ɗaure ina jira ya dawo. Wa ke tuƙi gaba da ruwa in ba waɗannan ba?" Ya nuna Kow Ansa da haɓa. Ya juya yana kallon hanyar da ciyawa ta cinye a kan tudu. Can ya ce, "Mahaifiyarki ba za ta zo ba, ko?"

"Ba za ta zo ba, Paapa."

"Na sani. Ina tsakiyar ruwa na tuna. Sai na ce tunda na riga na taso, bari in ƙarasa in ga wurin."

Araba ta ja hanci da ƙarfi, idonta har yanzu a rufe, ta ce, "Egya, don Allah in ka gama gani mu koma. Ni cikina juyawa yake."

Ya ƙi shiga jirgin inji sai da aka ba shi wurin zama a baya kusa da matuƙi. Aka ɗaura kwale-kwalen a gindi. Duk tsawon hanya shi ke faɗin inda za a bi, nan yashi, can rami, yana yi wa Kow Ansa tsawa kamar ɗan koyo, Kow Ansa na cewa, "To, Egya. Na ji, Egya." Kafin su kai gaɓa ya sake kiran Kuukua Efuwa sau ɗaya, ta amsa masa.

A bakin tafkin mutane sun taru har da masu goyo. Da aka hango farar sumarsa sai ihu ya tashi, mata na kaɗa ɗankwali. Maame Sekyiwa ta duba kwale-kwalenta ciki da waje, ta ce wannan ɗaurin igiya ko mijinta bai iya shi ba, amma gobe in ana so a ara a yi sallama. Nana Otu ya ja Kuukua gefe.

"'Yata, ke kaɗai ba za ki iya ba, kuma ba naki ba ne ke kaɗai. Daga gobe ki kawo mana shi rumfar gyaran taru. Akwai ido ashirin a wurin."

"Zai dame ku, Nana. Magana ɗaya sai ya maimaita ta sau goma."

"Mu da muke jin labarin kifin Kow Ansa kullum?"

Da rana ta kira ƙanenta ta gaya masa komai, tun daga bara. Ya yi faɗa, sannan ya ce Asabar yana tafe.

Washegari da safe Kow Ansa ya biyo ya tafi da tsohon. Kuukua ta bi bayansu daga nesa, ta laɓe a jikin wani jirgi. Aka shimfiɗa masa buhu, aka miƙa masa allurar taru da zare. Ya juya ta a hannu kamar bai san ta ba, har Kuukua ta fara takowa. Sai yatsunsa suka kama aiki da kansu, ƙulli na bin ƙulli. Bai cika minti biyar ba ya ɗago ya ce wa na kusa da shi wannan ɗinkin nasa ko kifin da ya mutu sai ya kuɓuce.

Kuukua ta koma gida ta hura wuta, ta jera kifi a kan waya. Da ta sauke na farko sai ta shimfiɗa tabarma a inuwa da niyyar ta ɗan miƙe bayanta. Ba ta farka ba sai da rana ta karkata.