Lambar Motar Baba

Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana rubuta wa mutane lambar mota, amma ko babur bai taɓa mallaka ba. A zamaninsa da hannu ake yi. Mutum ya sayi mota, ofis ya ba shi lamba a takarda, sai ya kawo shagon Baba. Shi kuma ya yanko fallen ƙarfe, ya shafe shi da fenti, ya ɗora hannu a kan wata 'yar sanda don kada ya goce, ya zana lambobin tsaf. Idan ya gama sai ya juya fallen ya rubuta sunan mai ita a baya, don kada ta wani ta tafi hannun wani. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, tana ƙarama ita ce mai riƙe lambobin ta gefe har su sha iska, kuma ta sha faɗa a kan sa yatsa a ɗanyen fenti. Da injin buga lamba ya shigo, aikin ya mutu murus. Baba ya koma rubuta allunan shaguna har ido ya ce ya isa haka.

Abin da ya rage na wancan zamani hoto ne guda a bangon falo. Baba ne yana saurayi, ya jingina da wata shuɗiyar mota mai dogon hanci da zagayayyun fitilu. Motar wani likita ce da ya kawo a rubuta masa lamba, Baba ya roƙi alfarmar ɗaukar hoto. Duk baƙon da ya tambaya, Umma ce ke riga shi amsawa.

"Ba tasa ba ce," in ji ta. "Jinginar ce kawai tasa. Da wannan hoton ya yaudare ni."

Baba ya kan yi dariya, amma Auta ta lura ba ya barin kowa ya goge gilashin hoton sai shi.

Yayanta namiji, wanda ke aiki a ƙasar waje, shi ya ci karo da irin motar sak a garejin wani tsoho da ya daina tuƙi. Ya turo hotonta, Auta ta ɗaga waya ta gwada da na bango, ta ga ba bambanci. Suka ƙulla maganar a tsakaninsu. Yaya ya saya ya sa a kwantena ya loda a jirgin ruwa, ya ce sauran ƙaramin aiki ne. Mutumin da ke nesa komai ƙaramin aiki ne a wurinsa. Auta ma'aikaciyar jinya ce, kuma duk ranar hutun da ta samu a wannan tsakani a layi ta ƙare: layin tashar jiragen ruwa, layin kwastan, layin masu buga hatimi a kan hatimin da wani ya buga jiya.

Ranar da aka buɗe kwantenar, wari irin na tsohon ɗaki ya bugo ta. Motar na tsaye a ɗaure da igiyoyi, taya ɗaya a sace, amma shuɗin nan yana nan. Jami'in kwastan ya leƙa ciki, ya dubi takarda, ya dubi Auta.

"Malama, wannan ai ta girme ki. Mutane na shigo da sababbi, ke kin je kin ɗauko kakarsu?"

"Ta babana ce," in ji ta.

Bai ƙara zolaya ba. Shi da kansa ya kira mata mai janwe, motar da ke ɗaukar motoci.

Bakanike ya riƙe motar har ya canza mata batir da robobin da suka bushe, ya wanke tankin mai, ya koya wa Auta giyar, wadda ke jikin sitiyari ba a ƙasa ba. Sannan aka jawo ta gida.

Auta ta zaci Baba zai buɗe ƙofa ya zauna ya kama sitiyari. Ina! Ya fito da sandarsa ya tsaya cak. Sannan ya zagaya ta a hankali yana shafa ta da tafin hannu. Da ya iso gaba sai ya durƙusa da ƙyar a inda ake ɗaura lamba, wurin fayau, ramukan kusa biyu kawai. Ya auna faɗin da ɗani, kamar yadda ya saba.

"Auta," ya ce, "in an ba ku lamba, kada kowa ya ɗaura wa motar nan komai sai na sa burushina. Na yi wa dubban mutane. Ta gidana ba za ta fita ba hannuna a kai ba."

"To, Baba," ta ce.

Washegari ya sa aka zaro masa tsohon akwatin aikinsa daga ƙarƙashin gado. Ya jiƙa burusan da kananzir, ya aika aka sayo ƙaramin gwangwanin farin fenti. Kullum da hantsi sai ya zauna a baranda da kwalaye, ya ɗora hannu a kan 'yar sandar nan yana jan layi. Hannun na karkarwa, layin na fitowa a karkace, ya yage ya sake. Umma ta ce ko maganinsa ba ya tunawa sai ta bi shi da shi.

Abin ya tsaya wa Auta a rai. Ta san an daɗe da hana lambar hannu. Baba kuwa kwanan nan ya fara mantuwa, ya kan nemi tabarau suna kan hancinsa, ya kira jika da sunan ubansa. Ta ɗauka wannan ma ya manta. Mutumin da bai taɓa roƙonsu komai ba ya roƙi abu ɗaya, kuma ita ce za ta ce masa a'a.

Ranar rajista aka ɗora motar a bayan janwe zuwa filin duba motoci. Mai dubawar, wani dattijo mai farar riga da tocila, ya leƙa ƙarƙashi ya nemo lambar shasi, wato wadda aka buga a jikin ƙarfen motar, ya goge ta da tsumma ya gwada da takarda. Ya sa Auta ta taka birki, ta kunna fitilu, ta danna ham. Ham ɗin ya yi wani kuka irin na tsohon rago, duk filin aka juyo ana dariya. Ya sa hannu ya ce ta wuce ofis.

A ofis, matar da ke bayan kanta ta rubuta sunan Baba a matsayin mai mota, ta miƙo lambobi biyu a cikin leda, ta gaba da ta baya, sababbi fil daga inji. Auta ta tattaro ƙarfin hali.

"Don Allah, 'yar'uwa, in tambaye ki. Babana tsohon mai rubuta lamba ne. Ba yadda za a yi ya rubuta wannan da hannunsa, in dai lambobin iri ɗaya ne?"

Matar ta ajiye biro ta saurare ta har ƙarshe, abin da ba kowa ke yi a bayan kanta ba.

"Wallahi da da hanya da na nuna miki," ta ce. "Amma ɗan sandan farko da kuka haɗu da shi zai tsayar da ku, a kama motar. Ki ba Baba haƙuri, ki ce ina gaishe shi."

Auta ta fito ta kira Yaya. Ya saurara, ya yi gyaran murya, ya ce ai ita ce 'yar gaban goshi, maganarta ce kawai ke shiga kunnen Baba, kuma ga shi ana kiran sa a wurin aiki. Ya kashe waya.

A kicin ta gaya wa Umma dabarar da ta ƙulla a hanya. A bar Baba ya rubuta tasa a ɗaura, in za a fita titi sai ta sauya a ɓoye.

"Kul," in ji Umma. "Ido ne ya ragu a tsohon nan, ba zuciya ba. Ranar da ya gane kin mai da shi yaro, wannan ya fi a'a ciwo. Je ki faɗa masa."

Ta same shi a baranda, gwangwanin fenti a buɗe, yagaggun kwalaye a gefe. Ta durƙusa ta ajiye ledar a gabansa.

"Baba, ka yi haƙuri. Na roƙa, sun ƙi. Sun ce dole sai wadda inji ya buga. Ba a yarda da rubutun hannu yanzu."

Baba ya zaro ɗaya, ya kawo ta kusa da ido, ya bi lambobin da babban yatsa. Sai kafaɗunsa suka fara motsi. Auta ta zaci kuka ne, ashe dariya ce, har da tari.

"Ke, ni za ki ba labarin inji? Wa ya rufe min shago in ba shi ba? Ko sunana na manta ai ba zan manta da wannan ba." Ya sake shafa lambar. "Kuma a faɗi gaskiya, injin ya iya rubuta bakwai. Ƙafar tana da kyau."

"To fentin fa, Baba? Duk wannan gwajin?"

"Gaban lamba nasu ne, su riƙe abinsu," ya ce. "Inji ba ya juya lamba. Kin manta aikin shagonmu?"

Ya kifa fallen a cinyarsa. Bayan fari ne sol, ba ko ɗigo. Sai a lokacin Auta ta tuna. Ya tsoma burushi, ya share bakin burushin a gefen gwangwani, ya ɗora hannu a kan sanda, ya riƙe numfashi. Hannun ya yi rawa, ya jira shi ya lafa, sannan ya ja. Farin fenti a kan farin ƙarfe, sai an karkata shi ga haske ake gani. Ya ɗauki lokaci. Umma ta fito ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu, tana kallo.

Da ya gama ya miƙo wa Auta. Harufan sun ɗan karkace, amma hannun Baba ne, ko cikin dubu za ta gane shi. An rubuta: Auta. A ƙasa da ƙananan harufa: Allah ya kiyaye hanya.

"Baba, ai motarka ce. Sunanka ne a takardu."

"Takardu nasu ne, su rubuta abin da suka ga dama. Ni a shagona wanda ya kawo min lamba da ƙafarsa nake rubutawa. Kuma ni da ko giya ban sani ba, wa zai tuƙa ni?" Ya ajiye burushin, ya dube ta sosai. "Na yi shekaru ina jingina da motar mutane, Auta. Yau 'ya'yana sun kawo min ita har ƙofar ɗaki. Na gode. Ki gaya wa yayanki na gode. Allah ya ba ku masu yi muku."

Daɗi da godiya suka cika Auta, ta gode wa Allah da ya bar mata tsohon nan da ransa da hankalinsa har ya ga wannan rana. Ta karɓi lambar ta gefe da yatsu, yadda ya koya mata tun tana ƙarama, ta ɗaga ta ga iska.

"Riƙe da kyau," in ji Baba, yana jawo ta biyun. "Kuma ki kau da fuskarki gefe, kada ki ɗiga min hawaye a fenti."