Gyaran Injin Susanna

Fayil ɗin rasidai, kiret ɗin ƙwai ɗaya, takardar kuɗin gyara daga makanike, da guntun ƙarfe a ƙulle cikin hankici. Abin da Susanna ta rungume ke nan a bas ɗin Samaru lokacin da suka wuce Kwangila. Guntun ƙarfen jiya ya ɓalle daga injinta na niƙa abincin kaji, ya huda kwanon rufi ya faɗa waje. Sati, ƙanen marigayi mijinta, yana tsaye taku biyu daga wurin, yana ɗura masara.

A Sabon Gari ta hau benen Baba Olusegun, akantan kamfaninta. Haifaffen unguwar ne, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan birni. Ya karɓi ƙwan, ya juya ƙarfen a tafin hannu.

"Maman Clara, nawa Felix makanike ya ce?"

"Dubu ɗari, a canza sandar da ke juya gudumomin injin gaba ɗaya. Ya ce ta tsage."

"To, ki saurara. Kuɗin gyara ana cire shi daga riba kafin a yanka haraji. Bana shekararki ta ƙarshe ce a rangwamen ƙananan kamfanoni, ashirin cikin ɗari kike biya. Daga Janairun 2007, talatin. Ki gyara yau, harajinki ya ragu da dubu ashirin. Ki gyara bayan sabuwar shekara, ya ragu da dubu talatin."

"A gyara yau mana, a rubuta Janairu a rasit."

"Haba! So kike in ci Kirsimeti a gidan yari? Ranar da aka yi aiki ita ake rubutawa." Ya miƙa mata ƙarfen. "Ni lissafi na sani, ban san ƙarfe ba. Mako shida ne. Zai kai?"

Ta mayar da ƙarfen cikin hankici. Bambancin, dubu goma, kuɗin makarantar Clara ne na zango guda. Tsayar da injin kuwa bai taso ba, masu kaji na kiwon Kirsimeti suna layi tun daga Shika.

Da la'asar ta tarar da Felix zaune a ƙofar ofishinta. Injin na aiki, amma ƙararsa ta canza, kamar ana jan sarƙa a kan siminti. Sati ya ɗaga mata hannu, fuskarsa fari fat da gari.

"Yaya, kin ji sabuwar waƙarsa? Ya shiga ƙungiyar mawaƙan coci!" Ya yi dariya, ya sunkuya kan buhu.

Felix bai yi dariya ba. Ya bi ta cikin ofis.

"Madam, in walda ce, zan iya yi masa. Wataƙila ya kai Janairu, wataƙila ya kai Asabar. Ni dai ba zan tsaya a gabansa ba."

"Ka gaya wa Sati haka?"

"Bai tambaye ni ba."

Ta leƙa. Sati ya ɗaga buhu a kafaɗa, ya matsa har cikinsa na taɓa jikin injin, ya fara zazzagewa. 'Ya'yansa huɗu suna Jushi, ta san sunan kowanne.

Ta tura ƙofar, ƙarar ta ragu.

"Ka yi masa walda," ta ce. "Sai Janairu."