Yaɓen Mayu

Malam Ilya, maginin Damagaram, sau ɗaya ya taka ƙasar Faransa. Wata jami'a a Lyon ta gayyace shi ya gina katangar ƙasa a farfajiyarta, ya yi mata zayyana irin ta ƙofar zaurensa. 'Yarsa Salamatou, da ke aiki a Paris, ita ta yi masa tafinta. Ranar da ya gama ya ce mata, "Duk shekara kafin ruwan fari, ki yi wa katangar nan yaɓe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa. Kada ki taɓa ta kafin nan."

Ya koma gida, bai rufa wata biyu ba ya rasu. Ambaliyar damina kuma ta kwantar da zauren. Duk duniya aikin hannunsa bai rage ko'ina ba sai a Lyon.

Cikin hunturu Moustapha, wani ɗalibin jami'ar ɗan Maradi, ya kira Salamatou.

"Yaya, katangar nan fa tana tsagewa."

"Baba ya ce sai gab da damina," ta ce. "Sai Mayu."

Salamatou kuwa akwai taurin kai, balle a kan maganar mamaci. Mace da digiri biyu, shekara da shekaru tana shan sanyin Montreuil a gefen Paris, amma ko sau ɗaya ba ta tsaya ta tuna cewa tsohon da daminar Damagaram yake lissafi ba. Bai taɓa ganin ruwa ya shiga bango ya daskare ba.

A Mayu ta hau jirgin ƙasa zuwa Lyon da buhun makuba da aka aiko mata daga gida. Ta tarar an kewaye wurin da jan zare. Fuskar katangar ta zube gaba ɗaya, ta zama tsibin laka, har ciyawa ta tsiro. Ɗalibai na wucewa da kofin kofi, ba mai waiwaye. Ta durƙusa tana tono da hannu, ko guntun zane ba ta samu ba.

Sai ga kiran bidiyo daga mahaifiyarta, Hajiya Balkisa, wadda ta san yau ce ranar yaɓe.

"Kin isa? Juya mini wayar in ga hannun Malam."

"Inna, réseau ba kyau."

"Ni ina ganinki sarai," in ji tsohuwar, tana gyara tabarau. "Juya."