Gurbin Malamar Kurame

"Rubuta," in ji Malama. "Ina mai baƙin cikin sanar da ku cewa na janye."

Sakatariya ta ɗora yatsunta a kan kwamfutar da ke cinyarta, amma ba ta danna komai ba. Mijin Malama na tsaye a bakin ƙofa, ya taso daga wurin gyaran firji ko hannu bai wanke ba. Ya ce a dakata tukuna, ai yau Litinin, kuma sai Alhamis wa'adin zai cika. Malama ba ta ko dube shi ba. Ta gyara kwanciyarta da ƙyar, ta ce wa Sakatariya ta ci gaba.

Ba sakatariyar kowa ba ce. Shagon buga takardu da fotokwafi gare ta a bakin layi, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidanta da na Malama. Malama ce ta laƙaba mata sunan, ita kuma ta rama da kiran ta Farfesa, tun shekarar da ta fara shigowa shagon da fom a hannu. Makarantar kurame Malama take koyarwa, kuma burinta ta yi digiri na biyu a kan koyar da su karatu, don ta ce abin da take yi yanzu lalube ne kawai. Kuɗin irin wannan karatu ya fi ƙarfinta, sai dai tallafi.

Shekara shida suna nema tare. Sakatariya ta buga tarihin aikin Malama har ta haddace shi. Ta san wace hukuma ke son kalma ɗari biyar, wace ke son wasiƙar shaida uku. Duk amsar da ta zo da "muna baƙin ciki", sai Malama ta sa a buga mata ita a takarda, ta ce tana tarawa ne za ta yi wa ɗakinta silin. A shekara ta shida aka kira ta ganawa ta bidiyo. A bayan shagon suka yi, Sakatariya ta rataya farin zanen gado don ya rufe kwalayen takarda, ta kuma fita ta roƙi mai walda na kusa ya kashe injinsa na minti arba'in. Bayan wata biyu saƙo ya zo: kuɗin makaranta, masauki, tikitin jirgi, duka. Ranar Malama ta zauna a kan kwalin takarda ta yi ta dariya har hawaye, tana cewa silin ya tsaya a rabi.

Abu ɗaya ya rage, takardar gwajin lafiya da hukumar ta ce likita ya cike. Malama ta tafi asibiti da ƙafarta, tana ƙorafin za su ɓata mata rana. Likitan ya danna cikinta ta dama, ya sake dannawa, ya tura ta hoto. Ramar da kowa ya ɗauka ta zirga-zirga ce ashe ciwon daji ne a hanta, kuma ya riga ya yi nisa.

Malama ta sa an tambayi hukumar ko za a ɗaga mata zuwa baɗi. Suka amsa da ladabi cewa ba a ɗagawa. Amma idan ta janye kafin ƙarfe huɗu na ranar Alhamis, za a ba wa na gaba a jerin masu jira. Idan lokacin ya wuce, gurbin ya tafi a banza, ba ita ba kowa.

"Shekara biyu ina cikin wannan jerin," in ji Malama. "Na san yadda mutum ke duba waya."

Sakatariya ta buga wasiƙar, layi huɗu kacal. Ta karanta mata, Malama ta gyara kalma ɗaya, ta ce a tura idan an koma shago, don intanet ɗin gidan ba ya ja.

Mijin ya bi Sakatariya har bakin layi. Mutum ne marar yawan magana, shekara goma suna maƙwabtaka ba ta taɓa jin ya haɗa zance mai tsawo ba, amma ranar ya yi ta magana. Ya ce likitoci na kuskure, shi kansa ya sha ganin firjin da aka ce ya mutu ya tashi. Ya ce a can inda za ta je akwai manyan asibitoci. Ya ce tun da saƙon nan ya zo take cin abinci don shi, in aka tura wasiƙar me za ta riƙe?

"Don Allah, Yaya," ya ce. "Ki bar mata shi zuwa Alhamis."

Ba ta tura ba. Washegari da ta leƙa, Malama ta tambaye ta, ta ce ta tura. Ƙaryar ta fito mata da sauƙi har ta ji tsoron kanta. Malama ta lumshe ido ta ce madalla, yanzu wani na can yana murna. Sakatariya ta koma shago ta lalata takardun wani kwastoma har sau biyu, ta buga masa shafi a juye. Ranar Laraba ba ta iya shiga gidan ba, ta katanga ta miƙa kwanon abinci.

Ranar Alhamis da misalin ƙarfe uku, 'yar Malama mai shekara bakwai, wadda ake kira Ƙarama, ta zo ta ce mamanta na kira. Sakatariya ta rufe shago, ta ɗauki kwamfutar ba tare da ta san dalili ba.

Ɗakin na warin magani da man zafi. An ɗaga labule, rana ta faɗo a kan gadon, idanun Malama sun yi rawaya sosai. Muryarta ta kusa ƙarewa, sai an sunkuya ake ji. Mijin na zaune a ƙasa, ya jingina da ƙafar gadon.

"Ba su amsa ba," in ji Malama. "Mutanen nan ba sa kwana ba su amsa ba."

Sakatariya ta buɗe baki za ta ce ƙila aiki ne ya yi musu yawa, sai ta fasa. Ta durƙusa a gefen gadon ta faɗi gaskiya. Ta so Malama ta yi faɗa, ta zage ta ma, amma ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon mijinta, shi kuma yana kallon tabarma.

"Baban Ƙarama," ta ce. "Ba zan je ba. Kai ma ka sani."

Can ya zaro wayarsa, ya kunna intanet ɗinta, ya miƙa wa Sakatariya. Ta haɗa, ta buɗe wasiƙar, ta juyo masa da kwamfutar ta nuna masa inda ake dannawa. Yatsansa mai kaushi ya tsaya a sama. Malama ta miƙo hannu ta dafa wuyan hannunsa, ya danna. Ƙarfe huɗu saura minti ashirin.

Ya tashi ya fita tsakar gida. Suka ji ya buɗe famfo, ruwa na ta zuba, ba a tara komai ba.

"Farfesa, ki yafe mini," in ji Sakatariya.

"Na kore ki daga aiki," in ji Malama, da ɗan murmushi. Ta riƙe hannunta har barci ya ɗauke ta.

Ranar Lahadi da hantsi ta rasu. Sakatariya na shanya a tsakar gidanta ta ji kukan Ƙarama ta katanga, ta saki zanen ya faɗi ƙasa. Da yamma ɗaliban Malama suka zo su fiye da goma, suka jeru a bakin ƙofa, babu mai cewa uffan, hannuwansu kawai ke motsi.

Cikakkiyar amsar hukumar ta zo kwana biyu bayan rasuwar. Sun gode, sun ce an ba wa wata gurbin kuma ta karɓa, suna yi wa Malama fatan samun sauƙi. Sakatariya ta karanta sau uku, ta rasa wa za ta faɗa wa. Ta kashe kwamfutar ta nufi gidan.

Ta sami mijin zaune a kan kujerar tsakar gida, Ƙarama a tsakanin ƙafafunsa. Gobe za ta koma makaranta, yana ƙoƙarin tsefe mata tsohon kitso da matsefi, yana ja tana noƙe kai, ba ta dai yi kuka ba. Rabin kan ya tashi buzu-buzu, rabin na nan yadda uwar ta kitsa shi makonni da suka wuce.

Sakatariya ta tsaya tana kallon su. Sannan ta jawo kujera, ta karɓi matsefin daga hannunsa. Ya matsa gefe, amma bai tashi ba. Ya riƙe mata kwalbar man, yana miƙo mata duk lokacin da ta kai hannu.