Ranar da Aka Bar Tsito Ya Yi Kuka

A bayan shagon ɗinki akwai wani ɗaki da a da ake jibge ragowar yadi a ciki. Matan unguwa suka share shi, suka shimfiɗa katifu, suka ce duk yarinyar da ta haihu tana 'yar makaranta ta kawo ɗanta nan da safe, ta koma aji. Ranar Asabar kuma Ungozoma, wadda ta yi ritaya daga asibiti amma bakinta bai yi ritaya ba, take tara 'yan matan layin ta yi musu bayanin jikinsu ba kwana-kwana. Wasu iyayen su yi ta tsaki a gida, mako na zagayowa kuma su sake turo 'ya'yan.

Auta ce ƙarama a cikin masu kawo yara. Shekararta goma sha shida, wanda ya yi mata cikin kuwa tuni ya cika wandonsa da iska. Ɗanta ake kira Tsito, don da aka haife shi ɗan mitsitsi ne. Matan nan suka ɗauki son duniya suka ɗora masa.

To, son ne ya yi yawa. Da Auta ta dawo daga makaranta ta ba shi nono, sai Mai Ɗinki ta karɓe shi. "Kawo shi, 'yata, je ki yi aikin makarantarki." Ya yi ɗan tari, Ungozoma ta riga kowa. Ya ɓata fuska, wata ta saɓa shi a kafaɗa kafin uwar ta ajiye biro. Hannaye ne da suka raini 'ya'ya da jikoki, suna taɓa shi yake yin lamo. A gida ma haka kakarsa take yi. Ita Auta in ta ɗauke shi jikinta rawa yake yi, yaron ya ji, ya tsala ihu, nan take a ce, "Ba haka ba, kawo ki gani."

Rannan da yamma ta shigo da jaka shaƙe da kaya, ta dire gaban Ungozoma. Tsito yana barci a kan katifa, ko kallon wajen ba ta yi ba.

"Iya, ga kayansa. Ku riƙe shi kawai. Zan riƙa zuwa ina ba shi nono, in ya isa yaye shi ke nan."

Mai Ɗinki ta tsayar da keken ɗinki. "Ke, kanki ɗaya kuwa? Wa ya ɓata miki rai?"

"Babu kowa, Gwaggo. Ba ya so na ne. Kowa ya ɗauke shi sai ya yi shiru, ban da ni. Ya san ban iya ba."

Ba kuka take yi ba, kuma wannan ne ya tsorata Ungozoma. Yarinyar ta daɗe da yanke maganar a ranta.

Ungozoma ta ce, "Zo nan. Yaushe rabon da ki lallashe shi har ya yi shiru?"

Auta ta girgiza kai. "Ban taɓa ba. Ba a bari in kai ƙarshe."

Kunya ta kama matan, kowacce ta sunkuyar da kai tana duban hannunta. Ana cikin haka Tsito ya farka, ya buɗe ɗan bakinsa ya saki kuka, sai ga su duk sun miƙe kamar an ja su da zare.

"Duk wadda ta taɓa yaron nan, ni da ita," in ji Ungozoma. "A zauna. Auta, ɗanki yana kira."

Ai kuwa matan nan ba su taɓa yin aiki mai wuya irin zaman nan ba. Auta ta ɗauke shi a karkace, wata ta buɗe baki, aka harare ta. Mai Ɗinki ta koma kan keke tana taka shi da ƙarfi, ba ta ma lura babu yadi a ƙarƙashin allurar ba. Kukan ya yi ta ƙaruwa. Auta ta jijjiga shi, ya ƙi. Ta ba shi nono, ya ture. Gumi ya jiƙa mata wuyan rigar makaranta. Ta juyo tana neman mai ceto, hawaye ya cika mata ido, Ungozoma ta kau da kai, alhali zuciyarta kamar ta fashe don tausayi.

Da ta ga babu mai zuwa, sai ta kifa shi a kan damtsenta, kansa a gwiwar hannunta, ƙafafunsa suna reto, ta fara zagaya ɗakin. Ba ta san waƙar raino ko ɗaya ba, don haka ta shiga rera masa sunayen ƙasusuwan jiki da aka ba su hadda a makaranta. Ta ƙare ta sake komawa farko. Kukan ya koma shessheƙa, shessheƙar ta koma ajiyar zuciya. Can ya kama babban yatsanta ya riƙe gam, idonsa ya lumshe.

Auta ta tsaya cak, tana tsoron ko da numfashi.

"Iya, haka ake yi?" ta tambaya a hankali.

"Ina na sani? Ni ban taɓa yi wa yaro haka ba. Ke da shi kuka san abinku."

Mai Ɗinki ta goge ido da gefen ɗankwali. Hali ba ya barin mai shi, ta taso ta miƙa hannu. "To, kawo in kwantar miki da shi, hannunki zai gaji."

Auta ta ɗan juya kafaɗa, ta kare shi da jikinta.

"A'a, Gwaggo. Bar shi, nan yake so."