Dandamalin Kankare

Merv Tolhurst ya cire takalmansa ya hau dandamali, ya buga diddige a ƙasa. Ko gezau. Ya matsa gefe ya sake bugawa, nan ma haka. Ashe kulob ɗin da suka saba kiɗa a ciki ya yi gyara. Tsohon dandamalin katako, wanda ya sha giya da gumin rabin mutanen Newcastle, an ɓamɓare shi an zuba kankare, an shimfiɗa kafet mai ruwan toka irin na ofishin banki.

"Ka ga aiki ko?" in ji manajan kulob yana washe baki. "Ko giwa ce ta yi rawa a nan ba zai motsa ba."

Abin da Merv yake gudu ke nan. Kunnuwansa sun daɗe da tafiya. Shekara hamsin yana kaɗa jita a gindin lasifika, tun zamanin da ma'aikatan masana'antar ƙarfe ke tashi daga aiki su cika mashaya suna neman kiɗan rok mai fasa kai. Likita ya ba shi 'yan na'urorin ji, yana ɓoye su a ƙarƙashin furfurarsa mai zuba har kafaɗa. A kicin suna aiki lafiya lau, amma da kiɗa ya tashi sai su kama fito kamar butar shayi, dole ya zare su ya jefa aljihu. Da tafin ƙafa yake jin kiɗa. In Rhonda, mai kaɗa musu ganga, ta taka babbar gangarta, katakon dandamali ne ke kawo masa bugun. Jama'a sun ɗauka cire takalman salo ne, har wasu tsofaffi na kwaikwayonsa.

Bai gaya wa kowa ba, kuma yana da dalili. Ranar da suka binne abokin kiɗansu Dougie mai fiyano, su huɗun da suka rage sun yi alkawari a bakin kabari: ba za su taɓa sa baƙo a cikinsu ba, ranar da ɗaya ya gaza kowa ya rataye kayansa. To Rhonda tun rasuwar mijinta kiɗan nan kaɗai ke fitar da ita daga gida. Clive mawaƙi kuwa, don ya dawo dandamali ya yarda aka canja masa ƙashin ƙugu. In Merv ya faɗi yau, da su zai faɗi.

Stav Kallinis mai jitar bes ya zagayo ya tsaya a gabansa, fuska da fuska.

"Kai tsohon banza, mai da takalminka. Akwai jikokin mutane a nan, kada yatsunka su hana su barci."

"Kai da tumbinka ya riga ka hawa dandamali?" in ji Merv. Ya yi dariyar yaƙe.

Ƙarfe biyu na rana ne, ranar Lahadi. Da can sai dare ya raba suke hawa, yanzu kuwa masoyan nasu suna son su koma gida da wuri su sha magani. Aka gama ƙuri'ar cin kyautar tiren nama, wata tsohuwa ta samu tsiran alade tana ta murna. Merv ya juya baya ya zare na'urorinsa. Duniya ta yi tsit.

Ya ga Rhonda ta haɗa sandunan ganga alamar a fara, ya shiga daidai. Amma da ya sunkuya kan jitarsa, sai bugun ya ɓace masa. Ƙafarsa tana lalube, kankare ya yi kememe ya ƙi gaya mata komai. Ya ɗaga kai ya ga wata mata a gaba ta daina tafi tana yamutsa fuska. Clive ya waigo ya dube shi. Ko ya yi gaba ne ko an bar shi a baya, bai sani ba. Kunya ta rufe shi. Ya ce a ransa shi ke nan, ƙarshen tika-tika tik, ya sassauta yatsunsa zai saki.

Sai wani ƙaton baya ya jingina da nasa.

Stav ne. Kafaɗarsa tana dukan ta Merv a kan kowane bugu, rugugin bes kuma yana ratsa ƙasusuwansa yana shigowa har ƙirjin Merv. Ya ga bakunan jama'a sun buɗe da ihu, don tsayuwar da ke jikin tsofaffin hotunansu ke nan, baya da baya. Ya kama bugun ya riƙe gam. Yana kaɗawa yana tunani: 'yan shekarun nan, duk inda waƙa ke da wurin da ake tsayawa cak a sake shiga tare, inda katako ma ba ya taimako, nan Stav ke zuwa ya jingina da shi. Shi kuwa ya ɗauka iyayi ne na tsufa. Yau har aka tafi hutu Stav bai matsa ba.

Suka fita bayan kulob, gefen ciyawar da tsofaffi ke gara ƙwallo. Merv ya ɗage gashinsa a gabansu, ya maƙala na'urorin.

"Tun yaushe kuka sani?"

"Tun ranar da na ce maka karena ya mutu ka ce madalla," in ji Stav.

Clive ya shaƙe da giyarsa don dariya.

"Ni kuma kana tsammani don kyau nake ɗaga hannu har sama?" in ji Rhonda. "Kafaɗar nan kwana take tana zagina saboda kai."

"Alkawarinmu fa?" in ji Merv.

Rhonda ta ce, "Cewa muka yi in mutum ya gaza. Ni ban ga wanda ya ajiye jita ba. Kun gani?"

Ba wanda ya gani. Idanun Merv suka cika. Bai taɓa jin daɗin an kama shi da ƙarya ba sai yau.

"Na gode," ya ce. "Stav, ban san da bakin da..."

"Riƙe godiyarka, mutumina." Stav ya zauna a benci da ƙyar yana murza gwiwa. "Wannan ta hagun ta mutu tun bara. In ba bayanka, ba na kai waƙa ta uku a tsaye. Kai kake ɗauke da ni, kurma kawai, ba ka sani ba."

Manaja ya leƙo yana nuna agogo. Merv ya zauna ya ɗaure takalmansa, abin da bai yi ba a wajen wasa shekara da shekaru. Ya riga kowa hawa kankaren, ya gyara tsayuwa sosai, ya juya wa Stav baya.