Takalmin Doña Eulalia

Ranar Lahadin da Evaristo Quiroz ya shirya faɗuwarsa, tun safe yake dariya shi kaɗai. Shi ya share filin da ke bayan shagon facin tayarsa a unguwar Neza, shi ya ɗaure igiyoyin dandali, shi ya jera kujeru. A bakin ƙofa shi ne mai gidan kokawa, mutum mai fara'a da sanƙo. A kan dandali kuwa, cikin hular da ta rufe kai da fuska, shi ne Baƙar Kunama, mugun da ake tsorata yara da sunansa sama da shekara ashirin. Ban da 'yan kokawarsa, ba wanda ya san mutum ɗaya ne.

To, gwiwa ta ce ta gaji. Gidan kokawa kuma ba ya rayuwa sai da wanda mutane za su baro gidajensu dominsa, idan Kunama ya tafi bai bar magaji ba, filin ya koma wurin ajiye tsofaffin tayoyi. Shi ya sa ya haɗa wasan hula da hula: wanda aka kayar zai cire tasa har abada, ya faɗi sunansa na gaskiya. Shi zai sha kaye, almajirinsa Fermín, wato Farin Shaho, ya zama gwarzon unguwa.

"A kaye na uku ka diro daga igiyar sama," in ji Evaristo a bayan tulin tayoyi. "A ƙirji, ba a gwiwa ba."

"Maigida, in na ji maka ciwo fa?"

"Da wannan jikin naka kamar na zabo? Ka dai diro."

Ya fita tarbar Doña Eulalia mai sayar da furanni. Kujerarta ce ta gaba tun ranar da aka buɗe gidan, kuma ba Lahadin da takalminta na hagu bai sauka a kan Baƙar Kunama ba. Ya riƙe mata hannu har ta zauna.

"Yau za a tona asirin ɗan banzan nan, Evaristo."

"Allah ya sa, Doña."

"Kai kuma da an fara sai ka ɓace."

"Lasifikar ce, ba ta son a bar ta ita kaɗai."

Fili ya cika har kan katanga, ƙamshin soyayyen nama da masara ya gauraye da ihu. Kunama ya ci kayen farko da mugunta, ya tsone wa Shaho ido alƙalin wasa na kallon wani wajen. Shaho ya rama na biyu. A na uku Evaristo ya shimfiɗe a tsakiyar dandali yana nishin ƙarya, Shaho ya diro kamar yadda aka tsara, ya danne shi. Alƙali ya bugi ƙasa sau ɗaya, sau biyu, saura bugu ɗaya wasa ya ƙare.

Sai ga takalmi ya taso, ya sami Shaho a kunne.

Alƙali ya tsaya da hannu a sama. Doña Eulalia na tsaye da ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Ɗaga shi, yaro. Wa ya aike ka? In ka ƙarasa shi, wa zan jefa ranar Lahadi?"

Wani daga kan katanga ya ce, "Gaskiyarki, Doña." Kafin a ankara, mutanen da suka shekara ashirin suna zagin uwar Kunama sun ɗauki kiran sunansa, har da tafi.

Shaho ya fara ɗagawa. Evaristo ya cafke wuyansa daga ƙasa kamar mai shaƙe shi.

"Ina za ka? Danne ni."

"Maigida, kai suke so."

"Yau suka sani? Danne ni, na ce."

Dariya ce ta kama Evaristo a cikin hula, cikinsa na rawa, yaron na tashi yana sauka a kansa kamar kwale-kwale. Ya harari alƙali ta ramin ido. Alƙali ya buga na ukun da sauri, ya ja da baya yana kare kansa da hannu.

Evaristo ya durƙusa a kan gwiwarsa mai lafiya, ya warware igiyar hular da ke ƙeyarsa, ya zare ta. Sanƙo ya bayyana yana ƙyalli.

"Sunana Evaristo Quiroz, haifaffen nan Neza."

Aka fashe da dariya da salati, wata mata tana cewa shi ya yi mata facin taya jiya. Amma da ya miƙa wa Shaho hular, kamar yadda aka saba, sai fili ya ɗauki ihun tsana. Ɓawon lemo ya fara sauka a kan Shaho.

"Maigida, sun tsane ni," in ji Fermín. "Na ɓata komai."

Evaristo ya saurari ihun. Ya san shi sarai, shi ne ya ciyar da gidan nan shekara ashirin. Niyyarsa ya bar wa gidan gwarzo, ga shi an ba shi sabon mugu, wanda ya fi gwarzo cika fili. Daɗi ya kama shi har sai da ya sunkuyar da kai kamar mai kuka.

"Jefar da ita ƙasa, ka taka," ya ce a hankali. "Sannan ka shure ni."

"Maigida?"

"A ƙirji, ba a gwiwa ba."

Shaho ya taka hular, ya murje ta da dunduniya, ya shuri tsoho. Evaristo ya mirgina har bakin dandali, ya tsaya daidai gaban Doña Eulalia. Ta dube shi ta daɗe.

"Ashe kai ne lasifikar."

"Ni ne, Doña."

"Shekara ashirin kana zaunar da ni a gaba don in rotse maka kai?"

"Ba mai saitinki a duk Neza."

Ta sunkuya ta cire takalmin dama, ta auna nauyinsa a tafin hannu, tana duban Shaho da ke kan igiya yana yi wa jama'a gwalo.

"Kauce min," ta ce. "Kuma ranar Lahadi ka matso min da kujerar nan gaba kaɗan. Wannan ya fi ka tsalle-tsalle."